Garejin da ya tayar da Marsandin mahaifinmu bayan shekara 11 a ƙarƙashin tamfol

Motar da ake magana a kanta Mercedes-Benz 280 SE ce ƙirar 1984, daga jerin da kamfanin ya yi wa lamba W126, wanda ya fara nuna wa duniya a birnin Frankfurt na Jamus a 1979, ya kuma ci gaba da ƙera shi har zuwa 1991. Marigayi mahaifinmu ya saye ta ne a hannun wani abokin kasuwancinsa, ya hau ta shekara da shekaru, kuma bayan rasuwarsa aka tura ta ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidanmu da ke Jos, aka lulluɓe ta da tamfol, ba a ƙara murɗa mata makulli ba har shekara 11. Da 'yan'uwa suka yanke shawarar a sayar wa masu sayen ƙarafa a raba kuɗin, sai na biya kowa rabonsa na riƙe ta, ko da yake a lokacin ban san ko mota na saya ko ɗakin ɓeraye ba.

Kanikawa uku na kira su duba ta kafin na tsayar da wanda zan bai wa aikin. Na farko ya zo da batir a kan babur da galan ɗin fetur, yana cewa a ba shi minti goma kawai za mu ji kukanta. Na biyu ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ba ni shawarar a cire duk tsarin nozul ɗinta a ɗora mata kafireto, ko kuma a fitar da injin ɗungurungum a saka na wata motar Japan, wai a huta da wahala. Na ukun wani dattijo ne mai gareji a yankin Farin Gada, wanda wani tsohon direban mahaifinmu ya yi mini kwatancensa, ya ce tun yana yaro ba ya taɓa komai sai tsofaffin motocin Jamus. Garejinsa ne nake son in faɗi abin da na gani a cikinsa, mai daɗi da marar daɗi, domin na san akwai gidaje da yawa a Jos da Bukuru da ke da irin wannan mota kwance a bayan gida, ana kallonta ana jinjina kai.

Ranar da ya zo gidan bai zo da batir ba. Abin da ke cikin jakarsa tocila ce, da sifanar fulogi, da sirinji, da wata 'yar kwalbar mai. Ya buɗe murfin tanki ya sansana, ya yamutsa fuska, ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya murza abin da ya maƙale mata tsakanin yatsunsa, sannan ya kwance fulogi shida ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan tsumma bisa tsarin da ya ciro su, ya ɗura mai kaɗan a kowane rami. Da na tambaye shi, “Baba, ba za mu gwada tayar da ita mu ji ba?” sai ya ce, “Malam, wanda ya yi shekara 11 a kwance ba a tashinsa a ce ya yi gudu. Ka bar ta ta sha wannan man kwana uku, zan dawo.” Ya dawo ranar da ya ce, ya sa doguwar sifana a kan notin da ke gaban injin, ya riƙa juya shi da hannu a hankali, yana kasa kunne, har ya kai zagaye biyu cikakku ba tare da ya cije ba. Sai a lokacin ya ce zai karɓi aikin.

Dalilin wannan jinkiri shi ne abin da ya raba shi da sauran biyun, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Idan inji ya daɗe bai juya ba, baƙin man da ke lulluɓe da sassansa yakan tsiyaye ya koma ƙasa, bangon silinda ya bushe, laimar damina ta shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ta haifar da tsatsa, ringi kuma ya manne a jikin fistin. Wanda ya ɗora batir ya murɗa makulli a wannan hali, kik zai fizgi fistin da ƙarfi a kan busasshen ƙarfe, ya karya ringi ko ya karce silinda, aikin da zai ƙare a wanke-wanke ya koma sauke inji. Haɗari na biyu yana cikin tanki. Fetur ba ya zama shekaru yana fetur: sashensa mai sauƙi yakan tashi ya bi iska, abin da ya rage ya yi kauri ya zama wani jan danƙo mai warin tsohon fenti, kuma da zarar famfon mai ya samu wuta zai tura wannan danƙo da tsatsar tanki zuwa cikin sassan da suka fi komai tsada a motar.

Ko wajen fitar da ita daga gida ya nuna irin wannan lura. Birkin ajiye mota na wannan ƙira da ƙafa ake taka shi, kuma wanda ya ajiye ta ya taka shi ya tafi, saboda haka ƙafafun baya sun ƙame kamar an yi musu walda. Yaransa suka zo da jak da tayoyin aro, suka sassauta birkin, kuma ya ƙi yarda a ja ta da igiya ko da sarƙa, ya ce giyarta mai canza kanta ce, jan ta da nisa alhali injin ba ya aiki zai iya lalata giyar. A kan babbar mota aka ɗora ta, kuɗin ya fi na janwe, amma ban yi jayayya ba.

Garejin kansa ba wurin da zai burge mai son tsafta ba ne. Fili ne da ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da man shekaru, da rumfar kwano guda, da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da gawarwakin Marsandi irin su V-boot da 190 da tsofaffin 230 jere a jikin katanga, waɗanda daga baya na gane su ne rumbun kayan gyaransa. Babu ofis, babu wurin zaman baƙo sai benci a gindin mangwaro kusa da mai shayi. Sai dai a cikin wannan hargitsi akwai tsari: duk notin da aka kwance daga motata yana shiga gwangwanin madara da aka rubuta masa sunan wurin da ya fito, kuma sau ɗaya na ga ya tsawata wa wani yaro da ya ɗauki guduma zai buga wani ƙarfe da ya ƙi fita.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na hanyar mai. Injin wannan mota, wanda ake kira M110, mai silinda shida ne a jere, lita 2.8, kuma yana shan mai ta wani tsari na kamfanin Bosch mai suna K-Jetronic, wanda babu kwamfuta a cikinsa ko kaɗan. Iskar da injin ke zuƙa ce take motsa wani faifai, faifan ya motsa wani siririn ƙarfe a cikin kan rabon mai, ƙarfen kuma ya buɗe wasu tsagogi sirara ƙwarai da ke aika wa kowace nozul rabonta, duk a ƙarƙashin matsin da ya fi ninki biyu na iskar da ke cikin tayar mota. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata wannan lissafi, shi ya sa kanikawa da yawa ke gudunsa su ce a koma kafireto. Shi kuwa sai ya sa aka sauke tankin, mai cin lita 90, aka wanke shi sau da yawa har ruwan wankin ya fito fes, aka canza matatar da ke gindinsa, da famfo, da filta, da duk wani tiyon roba da mai ke bi. Kan rabon man bai bar wa yara ba. Ya ɗauke shi ya shiga da shi wani ɗan ɗaki da yake ajiye kayan aikinsa, ya rufe ƙofa saboda ƙurar hunturu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya warware shi a kai. Bayan ya mayar, ya sa nozul shida a cikin kwalabe shida iri ɗaya, ya ba famfo wuta, ya kira ni in ga yadda man ke taruwa: huɗu sun tashi kai ɗaya, biyu suna ɗiga kamar famfon unguwa da rani. Biyun nan kaɗai ya ce in saya, alhali da ya ce shida ne da ban san bambanci ba.

A ɓangaren ruwan sanyaya inji ma mun ɗan yi muhawara. Da aka buɗe, sai aka tarar wani bakanike tun zamanin mahaifinmu ya cire 'yar na'urar da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama kafin ta sake shi zuwa lagireto, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu bisa hujjar cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce. Na ce a bar ta haka tunda shekaru ta yi tana tafiya. Ya ce a Jos, inda gari ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 kuma sanyin asubar Disamba ke sa mutum neman bargo biyu, injin da babu wannan na'ura ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, zai riƙa shan mai fiye da kima yana cin kansa. Na sakar masa, kuma abin da na gani daga baya ya nuna gaskiyarsa. Ya wanke lagireto, ya canza tiyoyin ruwa da fanbel, ya duba sarƙar injin, ya daidaita tazarar bawul da hannu kamar yadda wannan inji ke buƙata, ya zuba sabon baƙin mai, ya juya injin babu fulogi har allurar matsin mai ta ɗaga, sannan ya mayar da fulogi. A rana ta 19 da shigarta gareji ta tashi a murɗawa ta uku, ta turnuƙe wurin da hayaƙi, salansa ta yi aman ɓawon gyaɗa da tsummokaran da ɓeraye suka tara, yara suna ta shewa. Ni dai ban iya cewa komai ba, domin sautin da na saba ji da asuba ina yaro ne ya dawo.

Birki da taya ba su ɗauki dogon zance ba. Man birki yana zuƙar laima daga iska, kuma na shekara 11 ya koma kamar ruwan shayi, ya sa tsatsa ta kama cikin birkin ƙafafu huɗun, don haka aka warware su duka, aka canza robobi da tiyoyi, aka zuba sabon mai. Tayoyin kuwa zanensu bai cinye ba, har na so a bar su, sai ya nuna mini lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar, ya kuma lanƙwasa gefen ɗaya na ga tsagogi kamar ƙasar fadama da rani. Da muka je sayen wasu, shi da kansa ya riƙa karanta waɗannan lambobi yana ture waɗanda suka tsufa a shago.

Zuwa nan yabo ne, kuma ya ci shi. Amma wanda zai kai motarsa wurin ya kamata ya ji sauran.

Na farko shi ne alƙawari. Mako shida ya ce mini, motar ta yi wata biyar. Wani ɓangare na jinkirin yana da hujja, domin abin da ba a samu a shagunan Dilimi ba sai an aika kasuwar Ladipo a Legas, kuma sau biyu aka turo abin da ba na wannan ƙira ba aka mayar. Amma mafi yawansa daga garejin ne: da zarar an kawo motar da mai ita ke tsaye yana jira, sai a rufe tawa a koma can, kuma dattijon ba ya ɗaga waya idan hannunsa na cikin aiki, ba ya kuma kira daga baya. Na gane cewa aikin yana tafiya ne gwargwadon yawan zuwana, har ya zama duk Asabar ina kan bencin nan. Wanda ke zaune a Abuja yana tunanin zai aiko da mota da kuɗi ya jira kira, zai daɗe yana jira.

Na biyu lissafi ne. Babu takardar kiyasi, babu rasit, sai bayan kwalin sabulu da yake rubuta abin da aka saya da fensir. Kuɗin da na kashe a ƙarshe ya kusan ninka abin da ya ambata da farko, kuma ko da yake na yarda cewa motar da ta daɗe a kwance ba ta bayyana ciwonta a rana ɗaya, da ya gaya mini haka tun farko da na shirya. Ban kama shi da cin ko kwabo ba, wannan kam dole in faɗa: duk abin da ya cire ya tara mini a buhu, kuma sau da dama yakan ce in je in sayo da kaina. Famfon man da aka fara sakawa jabu ne, ya mutu cikin mako biyu, ya canza shi bai karɓi kuɗin aiki ba, amma kuɗin sabon famfon raba shi muka yi bayan doguwar magana, alhali yaronsa ne ya sayo na farkon.

Na uku, wanda ya fi ɓata mini rai, shi ne ayyukan da ba da hannunsa yake yi ba. Ɓeraye sun ci wayoyi a bayan dashbod da gefen injin, sai ya miƙa aikin ga wani mai riwaya da ke maƙwabtaka da shi. Wannan bawan Allah ya murɗa wayoyin da hannu ya naɗe da baƙin salatif, kuma da ya tarar fis ɗin motar, irin na da masu kama da ƙwayar dabino, sun yi tsatsa a bakinsu, maimakon ya goge mazauninsu ya sa sababbi sai ya ɗaure biyu da zaren waya. Ban sani ba sai ranar da gilasan ƙofa suka ƙi sauka, na buɗe akwatin na gani da idona. Fis da aka ɗaure da waya ba zai tsinke ba idan wuta ta yi yawa, wayar motar ce za ta ƙone a madadinsa. Da na nuna wa dattijon ransa ya ɓaci ƙwarai, ya sa aka sake aikin da dalma a gabansa, amma tambayar da na yi masa ita ce me ya sa bai duba ba tun farko, tunda a garejinsa motar take kuma shi na sani. Haka mai gyaran na'urar sanyaya mota ya yi mini. Motocin wancan zamani da iskar R12 suke aiki, wadda aka daina yi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarta ga sararin samaniya, kuma mayar da su kan R134a yana buƙatar a wanke hanyoyin, a canza man kwamfireso da robobi da tulun da ke tsotse laima. Shi kuwa ɗura sabuwar iskar kawai ya yi, ta yi sanyi kwana tara ta daina. A Jos mutum zai iya haƙura da ita yawancin shekara, amma da damina gilashi yana yin hazo, kuma duk wanda ya gangara Akwanga da tsakar rana zai tuna da ita.

Akwai kuma ƙananan abubuwa. Wani yaro ya bar shatin hannunsa na baƙin mai a kujerar baya, kuma katakon adon da ke kusa da giya ya tsage wajen cirewa, ba wanda ya gaya mini sai da na gani. A gefe guda, makullin ƙofofin wannan mota da zuƙar iska yake aiki ta wasu siraran tiyoyi da ke bi ƙarƙashin kafet, kuma dattijon ya yi yini guda yana bin su ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda iskar ke zurarewa, bai sa wannan a lissafi ba. Game da jiki, tamfol ɗin da muka ɗauka kariya ce ita ta riƙe laimar damina 11, tsatsa ta ci ƙarƙashin gilashin baya da mazaunin batir da wuraren kafa jak. Ya sa mai walda ya yanke ya cike waɗannan wurare kaɗai, ya hana ni sake fentin motar gaba ɗaya, ya ce fentin kamfani da aka goge ya fi sabon da za a fesa a fili cikin ƙura. Da aka goge ta kuwa, shuɗin ya fito.

Ranar gwaji shi ya ce lallai sai ya bi ni, kuma ya zaɓi hanyar da kansa. Muka bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a, muka wuce Riyom, muka gangara Hawan Kibo yana sa ni taka birki a kan kwanoni yana sauraro, muka juyo daga ƙasa muka hau. Duk tsawon hawan allurar zafi ta tsaya kaɗan a saman 80 ba ta motsa ba, birki bai ja gefe ba, sitiyari bai yi rawa ba. Giya ce take shiga da ɗan duka, sai ya sa na tsaya a gefen hanya, ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi ya daidaita wata 'yar na'ura da ke jikinta, muka ci gaba tana shiga lafiya. Yadda motar ke haɗiye ramukan hanya ba tare da ta girgiza na ciki ba shi ne abin da ya sa mutanen da ke da hali a wancan lokaci suke haƙura da tsadarta. Shan manta kuwa na zamanin da ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 cika tankin lita 90 ba abin da ake yi da wasa ba ne, don haka ta zama motar Juma'a da ɗaurin aure.

Wanda ke da tsohuwar Marsandi mai irin wannan tsarin mai, yana zaune a Jos, yana da lokacin zuwa ya zauna, zan ce ya kai ta wurin wannan dattijo ba tare da shakka ba, amma ya sayi littafi ya riƙa rubuta kowane kuɗi a gabansa, ya tanadi ninki biyu na abin da aka ce masa, ya kuma nemo mai riwaya da mai gyaran sanyi nasa na kansa. Wanda motarsa ta zamani ce mai kwamfuta, ba wurinsa ba ne, shi ma dattijon zai faɗa masa haka.

Ya ce in dawo da ita bayan kilomita 1,000 a zubar da baƙin man farko a sake duba filtar fetur, domin sauran dattin tanki ba ya ƙarewa a wanki ɗaya. Matsalar ita ce agogon ƙirga tafiya ya tsaya, wani ɗan haƙorin roba a cikinsa ya karye, kuma wanda aka yi odarsa daga Legas bai iso ba har yau. A yanzu ina rubuta kowace tafiya a bayan tsohon littafin motar da na tarar a aljihun dashbod, a ƙarƙashin layin ƙarshe da mahaifinmu ya rubuta da hannunsa ranar da ya canza mata baƙin mai, kuma lissafina ya kai kilomita 640.